Muryata a Shafin Wata

'Yan uwa, kafin wata ta rubuto min a ƙasa cewa in yi haƙuri, ta tsaya ta ji labarin tukuna. Na san an ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Ni dai tun da nake ban taɓa ganin wanda ya yi ƙiba da romon dutse ba.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa: ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa ke kirana, har a wurin aiki. Ofishinmu yana saman wani kantin fenti, ga warin fenti, ga fanka mai kuka kamar ta gaji da duniya. Sana'armu ɗaga shagunan mutane a intanet. Idan mutumin garin nan ya ɗauki waya ya rubuta "ina ake sayar da katifa kusa da ni", akwai shagon da zai fara fitowa a sama, akwai wanda zai faɗa can ƙasa inda ko ɓarawo ba ya leƙawa. Mu ne masu hawa da kai sama.

Dabarar ba ta alfahari ba ce, amma bari in faɗa muku ita. Injin bincike kamar dangin amarya yake: ba ya yarda da abin da ka faɗa a kan kanka, sai ya ji ta bakin maƙwabta. To mu sai mu ƙirƙiro maƙwabtan. Mu sayi adireshin tsofaffin shafukan da masu su suka yasar, mu farfaɗo da su, kowanne mu sauke shi a masauki daban don kada a gane 'yan gida ɗaya ne, mu zuba musu 'yan rubuce-rubuce, kowane rubutu da linkin da ke nuna shagon da ya ba mu aiki. A ofis 'yan amshi muke ce musu.

Nawa aikin shi ne zaɓen adireshin. Kowane adireshi yana da 'yan haruffa a ƙarshensa bayan ɗigo, mu wutsiya muke kiransu. Akwai wutsiyar kowa-da-kowa, akwai kuma ta kowace ƙasa. Abin da aka koya min, na kuma haddace shi har ya zama jinina: in shagon gida kake son ɗagawa, 'yan amshinka su kasance masu wutsiyar gida. Injin ya ga wutsiyar ƙasarmu, ya ce lallai waɗannan maƙwabta ne na gaske. Samun tsofaffi masu mutunci a cikinsu kuwa sai an tona, don sai ka tabbatar ba a taɓa tallan caca ko maganin ƙarya a kansu ba. Ni kuma na iya tono. Manaja yakan ce Auta tana jin warin ruɓaɓɓen adireshi tun kafin ta buɗe shi.

Mai zuba rubutun kuwa, Alƙalami muke ce masa. Shi ke ƙirƙiro mutanen da ke magana a shafukan nan: yau tsohon malami mai ciwon baya, gobe uwar 'yan biyu da yaranta suka mayar da kujera filin tsalle. Dogo ne siriri, tabarau kullum yana zamowa kan hancinsa, hannun riga a naɗe. Shi ne kuma mutumin da Umma ta hana ni shan ruwa a kansa.

"Auta, wannan mai tabaran naki, a waya za ku ƙare?"

"Umma, ya ce yana hanya."

"Yana hanya! Ko da rarrafe yake tahowa ai da ya iso. Babanki ya daina tambaya, kin kuwa san in ya daina tambaya ba alheri ba ne."

Goggo, ƙanwar Baba, in ta zo ita ba ta ma yi min magana, da wayata take yi. Ta dube ta a hannuna ta ce, "Sannu da aiki, mijin Auta."

Gaskiyarsu, a waya muke zaune. Ni mai surutu ce a rubuce. Duk abin da ya faru a gidanmu, kafin ya huce na tura masa. Na ba shi labarin kujerar Baba da ta lotsa daidai jikinsa, wadda ya ce duk wanda ya canja ta ya canja uba. Na ba shi labarin katifar Yaya, babbar yayata, da ta yi rami a tsakiya, ko sun kwana da fushi ita da mijinta, kowa ya juya wa kowa baya a bakin gado, kafin gari ya waye ramin ya gangaro da su ya shirya su dole. Wata rana ma, da kunyata da komai, na rubuta masa irin labulen da nake so a ɗakinmu: ruwan toka, mai nauyi, wanda rana ba ta ratsa shi, don ranar da babu aiki in yi barci har in ji ƙamshin shayin da wani ya dafa ba ni ba. Ya turo min da amsa: "An gama. Wanin ya ji." Na karanta amsar nan har na rasa adadi.

Ana haka Manaja ya kawo mana Baƙuwa.

Ta yi karatu a waje, ta yi aiki a waje, ta dawo. Na so a ce mai girman kai ce, wallahi na so. Sai ta zama mai gaisuwa. Doguwar riga baƙa marar ado, siririn mayafi ruwan madara, agogon maza a hannu, takalmi shimfiɗaɗɗe. Irin shigar da ke sa ki dubi taki rigar mai duwatsu ki ji kamar kin taho gidan biki bisa kuskure. Turarenta ba ya ihu, sai ta wuce kike jin sa.

A satin da ta zo muka sami babban aiki: wani kamfanin katifa, kujeru da labule mai reshe biyu, ɗaya a bakin kasuwa, ɗaya a sabuwar unguwa. Muka zauna taro. Na fara jero tsofaffin adireshin da na tono masu wutsiyar gida, sai ta ɗaga hannu kamar 'yar makaranta.

"Yallaɓai, a yi min afuwa. Wa ya taɓa gwadawa ya ga wutsiyar ce ke aikin?"

Manaja ya ce, "Ai sananne ne."

"Na san sananne ne. Gwadawar nake tambaya. Ni a ganina injin ba wutsiya yake kallo ba sosai. Yana duba wa ke karanta shafin, daga ina, ya daɗe a kai ko ya gudu. Kuma in duk 'yan amshinka wutsiyarsu iri ɗaya ce, ka saka musu anko ke nan, ranar da za a kama ɗaya duk za a kwashe."

Na ce, "Nan ba can ba ne. Mutumin garin nan in ya ga wutsiyar da bai sani ba, ba ya taɓawa."

Ta yi murmushi ta ce, "Auta, mutumin garin nan yana kallon wutsiyar ma kuwa?"

Aka yi dariya. Na juya wurin Alƙalami, don ai a nan ne mutum ke sanin nasa. Ya tura tabaransa sama, ya ce, "Maganarta da ƙamshin gaskiya. A gwada mana."

Da ƙamshin gaskiya! Ni da na shekara ina tura masa labarin gidanmu, tawa maganar ba ta da ƙamshin komai.

Manaja ya raba gardama: reshen kasuwa nawa, da 'yan amshi masu wutsiyar gida, reshen sabuwar unguwa nata, da masu wutsiyar kowa-da-kowa. Alƙalami zai rubuta wa kowane ɓangare. Wadda reshenta ya fi hawa, ita za ta riƙa zaɓen adireshi daga yanzu.

Da yamma Alƙalami ya turo: "Kada ki ɗauka da zafi. Aiki ne. In aka gama wannan gwajin, Asabar ɗin da ta biyo zan zo da Kawu mu gaida Baba." Na nuna wa Umma. Ta ɗaga hannu sama ta yi godiya, ta ce a fara neman mai wankin kafet.

Makonnin da suka biyo, Allah kada ya maimaita min su. Kujerarsa mai taya ce, kullum sai ta gangara wajen teburin Baƙuwa kamar ƙasan ofishin ya karkace. Kai biyu a kan allo ɗaya. Ta yi dariya ta rufe baki da bayan hannu, shi kuma ya yi irin dariyar nan tasa marar sauti, kafaɗa kawai ke rawa, wadda na ɗauka ni kaɗai na san hanyarta. Wata rana na ga ya miƙa mata wayarsa tana karantawa tana girgiza kai. Na ce a raina hoton wani shafi ne. Kun san zuciya in ba ta son ganin abu, ta fi kowa iya ƙirƙiro dalili.

Ni kuwa rubutun da yake kawo wa nawa 'yan amshin, ba laifi. "Abubuwan dubawa kafin sayen katifa." "Yadda za ka kula da kujerar fata." Tsaf-tsaf, babu kuskure, babu gishiri. Na rubuta masa: "Nata ma haka kake yi mata?" Ya ce: "Kowa da salon da ya nema." Na ce: "Ni yaushe ka tambaye ni salo?" Ya turo fuskar dariya. Na ƙi buɗe shafukanta don kada a ce ina leƙe. Girman kai ne, na sani, kada wata ta tuna min.

Ranar Alhamis aka zauna duba sakamako. Na sa rigata ruwan goro da na fi yarda da ita, na ɗaura ɗankwali har sau uku kafin ya zauna. Manaja ya haska allo. Reshena ya hau, ba a ce bai hau ba, yana tsakiyar shafin farko. Nata yana can ƙoli, a kan kowa.

"Abin mamakin," in ji Manaja, "mutane ba sa barin shafukanta. Suna karantawa har ƙarshe, suna tura wa juna. Duk 'yan garin nan."

Baƙuwa ta ce, "Ba ni ba ce, Yallaɓai, rubutun ne. Ku ji wannan." Ta jawo kwamfutarta ta fara karantawa da muryarta mai sanyi: wai wata mata ce ke ba da labarin babanta da kujerarsa da ta lotsa, wanda ya ce duk wanda ya canja ta ya canja uba.

Ofis ya fashe da dariya. Ban da ni.

"Ga wata," ta ce. Katifa mai rami, mata da miji masu kwana da fushi. Manaja har da buga tebur, yana cewa wannan ai gidansa ne. Na dubi Alƙalami. Ya sunkuyar da kai yana goge tabarau da gefen riga, gogewar da ba ta ƙarewa.

"Amma wadda ta fi shiga raina," ta ce, "amaryar nan ce." Ta karanta. Ruwan toka. Mai nauyi. Wanda rana ba ta ratsa shi. Ƙamshin shayin da wani ya dafa ba ni ba. Ko wasali bai canja ba, 'yan uwa. Sai a ƙarshe ya liƙa linki: ga inda za ki sami irinsa, reshen sabuwar unguwa.

Labulen ɗakina ne ake talla da shi. A shafinta. A bakinta.

Ban san yadda na kai ɗan kicin ɗin ofis ba. Ina tsaye ina wanke kofin da ba ni na ɓata ba, sai ga turarenta a bayana.

"Auta, ban ji daɗin yadda aka yi abin kamar gasa ba. Ke ce kika ci, ai kin sani. Kina da hannu a rubutu, wallahi. Tun ranar da Alƙalami ya nuna min saƙonninki na ce masa, wannan ita ce muryar garin nan, wannan za mu sa."

Na juyo. "Ya nuna miki?"

"Tare muka zaɓa. Ya ce ba za ki damu ba, tunda ba a sa suna ba." Ta tsaya ta dubi fuskata, murmushin ya gudu. "Bai gaya miki ba?"

Da ta yi min gatse, da na san abin yi. Amma idonta tausayi ne a ciki, kuma babu abin da ya kai tausayin wadda kike kishi ɗaci. Tare muka zaɓa. Wato ta bi ta kan waɗanda ba a zaɓa ba ma. Ta ga inda nake ce masa na kasa cin abinci don bai kira ba. Ta ga sunan da nake kiransa da shi, wanda ko ku ba zan faɗa wa ba.

Na tare Alƙalami a matattakala, tsakanin gwangwanayen fenti.

"Me ya sa nata?"

"Auta, saurara mana."

"Ba cewa na yi me ya sa ka ɗauka ba, wannan za mu zo kansa. Me ya sa nata? Ina da 'yan amshi ni ma. Ka ba ni yadda za a kula da kujerar fata, ka kai mata babana da yayata da ɗakin kwanana."

"Naki suna da wutsiyar gida, ba sa buƙata. Nata ne baƙi, su ke buƙatar muryar gida. Haka gwajin zai yi adalci."

"Adalci! Ka cire min zane ka yafa mata don kada ta ji sanyi, ka ce adalci."

"Ba wanda zai gane ku ne. Kuma ki duba abin da muka gano, ashe duk shekarun nan wutsiyar ba ita..."

"Muka. Kai da wa?"

Ya kawar da kai wajen gwangwanayen. Can ya ce, a hankali, "Asabar tana nan dai ko? Na riga na gaya wa Kawu."

Abin da ya fi ƙona min rai, ta yi gaskiya. Wutsiyar da na riƙe kamar gadon kakana, ashe taimakonta kaɗan ne. Mutum ba ya zama ɗan gari don haruffan da ke bayan sunansa, sai in ya buɗe baki an ji na gida ne. Na yarda. Amma da muryata aka kayar da ni, kuma wanda na ba ajiyarta shi ya kai.

Asabar ta zo gidanmu kamar sabon gida. An wanke kafet, an goge gilashin kabad, an fito da kofunan da ba a taɓa shan komai da su ba. Baba ya sa farar riga ya hakimce a lotsattsiyar kujerarsa. Umma ta roƙe shi a rufa mata ko da ƙyalle ne, ya ce wanda zai ɗauki 'yarsa ya fara ganin gaskiyar gidan. Goggo ta iso tun da hantsi da jakarta, ta ce ta zo ganin ko wayar tana da ƙafafu.

Yaya ce ke min kwalliya a ɗaki. Ta zaɓar min doguwar riga shuɗiya mai aiki a wuya, tana saka min 'yan kunne tana zuba.

"Kin san abin dariya? Baban yara ya ce zai canja mana katifa, yana ta bincike a waya, sai ya ci karo da labarin wasu, wai su ma tasu ta yi rami tana shirya su. Ya yi dariya har da hawaye. Ya tura wa abokansa kaf. Na ce ashe ba mu kaɗai ba ne a duniya!" Ta kama haɓata ta juyo da ni. "Ke lafiya? Kin yi fari fat. Tsoro ne? Ai ba yanka ki za a yi ba."

Na ce zafi ne. Ni kaɗai ta gaya wa maganar ramin nan, a kan gadona, tana rufe fuska da filo. Ranar da ta zauna ta karanta da kanta, za ta ga har yadda take cewa "sai mu tashi kamar ba mu ba". Za ta san bakin da ya fitar.

Da ta fita duba lemo, na ɗauki waya. Saƙonsa yana jira: "Mun shigo layinku. Kawu yana gyara fakin."

Na ɗaga gefen labule. Ga motar a gindin bishiyar maƙwabta. Ga Kawun, dattijo mai sanda, yana kakkaɓe riga. Ga shi nan shi ma, yau an saki hannun riga har an sa maɓalli, yana riƙe da leda mai kyau. Zuciyata ta yi abin da ta saba yi in ta gan shi, marar kunya.

Na rubuta: "Kafin ka taka ƙofar nan, sauke rubutun nan uku. Na Baba, na Yaya, da na labule. Kana da mabuɗin shafukan a wayarka, na sani."

Na ga ya tsaya. Ya karanta. Ya tura tabarau sama.

"Auta, su ne ke riƙe da reshen a sama. In na sauke yanzu zai faɗo, kamfanin zai yi magana."

"Na sani. Sauke."

Kawu ya yi gaba, ya waiwayo yana yafito shi da sanda. Daga falo Umma ta ɗaga murya, "Auta! Ga su nan fa, fito ki ɗauki tire!"

A allon wayata alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Na ce a raina ko "to" kawai ya rubuta, harafi biyu, zan yafe sauran, zan ɗauki tiren nan har da rangwaɗa.

Saƙon ya shigo.

"Bari in tambaye ta."

Ta taga ina kallo ya juya wa ƙofarmu baya, ya kara wayar a kunne.

Aka ƙwanƙwasa. Na ji Baba ya gyara murya, kujerarsa ta yi ƙara. Umma ta leƙo ɗakin da fara'arta har kunne, ta same ni a gaban madubi ina cire 'yan kunnen ɗaya bayan ɗaya.

"Ke! Me kike yi haka? Baƙi a ƙofa!"

"A buɗe wa dattijon, Umma, ya sha ruwa, bai yi mana komai ba," na ce. "Ɗayan kuwa a bar shi a waje tukuna. Yana neman izini."